Ceto da Hallaka a Tunanin Kirista: Tambayoyi da Amsoshi kan Tarihi da Adabi

Duk wanda ya zauna karatun adabin Turai, ko tarihin addinin Kirista, ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da tambayar wane ne zai tsira, wane ne kuma zai hallaka. A kanta majami'u suka rabu, a kanta aka kori malamai daga garuruwansu, kuma daga cikinta aka samo wasu waƙoƙi da ƙagaggun labarai mafiya shahara a harsunan Turai. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da sauran masu karatu, Musulmi da Kiristoci, suka fi yawan maimaitawa, an kuma jero su daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

Me Kiristoci suke nufi da ceto, kuma daga me ake ceton mutum?

A koyarwar da kusan dukan ɗarikun Kirista suka yi tarayya a kai, zunubi ya raba ɗan Adam da Allah, kuma mutum ba shi da ƙarfin ɗinke wannan ɓaraka da kansa, saboda haka Allah ne ya kawo sulhu ta wurin mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye da tashinsa daga matattu. Ceto shi ne kuɓuta daga zunubi da mutuwa da hukuncin ranar ƙarshe, tare da samun rai na har abada. Hallaka kuwa rabuwa ce da Allah wadda ba ta da komowa.

Inda aka sha bamban shi ne yadda gicciyen yake aiki. Atanasiyus, bishop na Iskandariya a Masar, wanda ya rasu a 373, ya ɗauki zunubi a matsayin ruɓa da ta kama halittar mutum, ceto kuma waraka ce da ke ba shi rabo a cikin rayuwar Allah. A kan wannan fahimta Ikilisiyoyin Otodoks na Girka da Rasha da Masar da Habasha suke tafiya har yau. A Yammacin Turai kuwa harshen shari'a ne ya yi rinjaye. Wajen 1098 Anselm, babban bishop na Canterbury, ya bayyana zunubi a matsayin bashin girmamawa da mutum ya kasa biyan Allah, bashin da babu mai iya sauke shi sai wanda yake Allah kuma mutum. Peter Abelard, wanda ya biyo bayansa, ya fi jaddada cewa gicciye nuni ne na ƙaunar da ke juya zuciya zuwa tuba. Malaman Furotesta daga baya suka ce Almasihu ya sha hukuncin ne a madadin mai zunubi.

Me Littafi Mai Tsarki ya faɗa game da gidan wuta?

Abin da ya faɗa bai kai yawan da mutane suke zato ba. Yawancin Tsohon Alkawari yana maganar lahira ne a matsayin wurin duhu da shiru inda matattu suke sauka, nagari da mugaye, kuma sai a Daniyel 12:2 ake samun bayani ƙarara na tashin wasu zuwa rai madawwami, wasu kuma zuwa kunya madawwamiya. A Sabon Alkawari wurare uku ne aka fi komawa gare su: rabuwar tumaki da awaki a Matiyu 25, labarin mai arziki da Li'azaru a Luka 16, da tafkin wuta a sura ta 20 ta littafin Ru'ya. Akwai wuta, akwai duhu, akwai kuka da cizon haƙora, amma babu taswira, babu hawa-hawa, babu jerin azabar da ta dace da kowane laifi.

Waɗannan bayanai daga wasu rubuce-rubuce suka fito, waɗanda ba su shiga cikin Littafi Mai Tsarki ba. Mafi tsufa a cikinsu wani wahayi ne na ƙarni na 2 da aka jingina wa manzo Bitrus, wanda cikakken nassinsa ya tsira a tsohon harshen Habasha, inda ake rataye masu saɓo ta harsunansu. Daga irin wannan tushe ne adabin ziyarar lahira ya tsiro, har ya kai ga Dante, wanda amsarsa take zuwa a gaba.

Mene ne zunubin asali, kuma me ya haɗa Agustin da Pelagiyus faɗa?

Agustin ɗan Arewacin Afirka ne. An haife shi a 354 a garin da yau ake kira Souk Ahras a Aljeriya, ya zama bishop na Hippo, wato Annaba ta yanzu, ya rasu a can a 430. Ya karanta Romawa 5:12 a kan cewa dukan 'yan Adam sun gaji laifin kakansu da lalacewar nufinsa, ta yadda mutum ba ya iya ko da son alheri na gaskiya sai Allah ya fara taɓa zuciyarsa. Pelagiyus, wani malami mai tsantseni daga Birtaniya da ke koyarwa a Roma, ya ga cewa wannan magana tana ba malalata uzuri. A ganinsa Allah ba zai umarci mutum da abin da ba zai iya ba, kuma zunubin Adamu mugun misali ne, ba gado ba. Idan aka kwatanta da wanda ya faɗa rijiya, Pelagiyus yana cewa an jefa masa igiya, saura ya kama. Agustin kuwa yana cewa hannuwansa a karye suke, sai an sauka an ɗauko shi.

Majalisar bishop-bishop ta Kartaj ta yi tir da koyarwar Pelagiyus a 418, ta Afisa kuma ta tabbatar da hukuncin a 431. Amma nasarar Agustin ba ta zama cikakkiya ba, domin majalisar Orange ta 529 ta karɓi maganarsa cewa alherin Allah ne yake farawa, ta kuma ƙi yarda cewa Allah yana ƙaddara wa wani aikata mugunta. Kusan duk gardamar da ta biyo baya a Yamma, ta Luther da ta Calvin da ta Wesley, sake buɗe wannan shari'a ce.

To, ina makomar jariran da suka mutu ba a yi musu baftisma ba?

Agustin ya bi hujjarsa har ƙarshe, ya ce suna cikin hallaka, ko da yake horonsu shi ne mafi sauƙi duka. Malaman tsakiyar zamanai ba su iya haɗiye wannan ba, sai suka yi maganar wani gefe da ake kira Limbo, inda babu azaba amma babu ganin Allah. Ikilisiyar Katolika ba ta taɓa mai da Limbo tabbataccen rukunin bangaskiya ba, kuma a 2007, zamanin Paparoma Benedict na 16, kwamitin malaman tauhidi na Vatican ya fitar da takarda mai cewa akwai ƙwararan dalilai na sa zuciya ga ceton irin waɗannan jarirai.

Mene ne Purgatori? Daidai yake da barzahu ko A'arafi?

Ba daidai suke ba, ko da yake mai karatu Musulmi yakan yi saurin haɗa su. Barzahu zama ne na dukan matattu kafin tashin alƙiyama. Purgatori kuwa, a koyarwar Katolika, na waɗanda aka riga aka tabbatar da cetonsu ne kaɗai, amma suka mutu da sauran dauɗar da ke bukatar tsarkakewa. Babu mai fita daga can ya faɗa wuta. Tushensa al'adar yi wa matattu addu'a ce, wadda ta daɗe ƙwarai: a labarin Perpetua, wadda aka kashe saboda bangaskiyarta a Kartaj a 203, ta yi wa ƙanenta da ya rasu yana yaro addu'a, ta kuma ga a mafarki ya sami sauƙi. Ana kafa hujja da sura ta 12 ta littafin Makabiyawa na biyu, wanda Katolika suke ƙirga shi cikin Littafi Mai Tsarki, Furotesta kuwa ba sa ƙirga shi.

An tsayar da koyarwar a hukumance a majalisar Lyon ta 1274, aka sake tabbatar da ita a Florence a 1439 da Trent a 1563. Otodoks suna yi wa matattu addu'a, amma ba su karɓi bayanin Yamma na wutar tsarkakewa ba. Furotesta sun yi watsi da shi gaba ɗaya, kuma dalilin yana cikin amsar da ke biye.

Me ya sa Martin Luther ya yi tawaye? Da bangaskiya ake samun ceto ko da ayyuka?

Abin da ya kunna wutar shi ne takardun rangwamen horo. Ikilisiya tana koyar da cewa za ta iya rage wa mutum horon da ya rage a kansa bayan an gafarta masa, a duniya ko a Purgatori, kuma a farkon ƙarni na 16 ana ba da wannan rangwame ga wanda ya ba da kuɗi, wani kaso na kuɗin yana tafiya ginin majami'ar Bitrus a Roma. Wani mai wa'azi, Johann Tetzel, yana tallar takardun a Jamus kamar haja, har da alkawarin fitar da iyayen mutum da suka mutu. Luther, wanda malamin jami'a ne a Wittenberg kuma ɗan zuhudu a ƙungiyar da ke ɗauke da sunan Agustin, ya fitar da batutuwa 95 na ƙalubale a ranar 31 ga Oktoba, 1517. A 1521 Paparoma ya fitar da shi daga Ikilisiya.

Amma damuwar Luther ta wuce kuɗi. Ya daɗe yana fama da tsoron cewa duk azuminsa da furta zunubansa ba su isa ba, har ya fahimci Romawa 1:17 a kan cewa adalcin da Allah yake nema kyauta ce da yake bayarwa. Daga nan ya ce ana baratar da mutum, wato Allah yana karɓarsa a matsayin mai adalci, ta bangaskiya kaɗai, yana dogaro da Afisawa 2:8-9. Abokan gardamarsa suka nuna masa Yakubu 2:26, inda aka ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce, wasiƙar da shi kansa Luther ya taɓa rainawa. Majalisar Trent ta amsa a 1547 cewa alheri ne yake farawa, amma mutum yana haɗa kai da shi, kuma yana iya rasa shi ta babban zunubi. A 1567 Paparoma Pius na 5 ya hana haɗa rangwame da kuɗi.

Sai a ranar 31 ga Oktoba, 1999, a birnin Augsburg, wakilan Katolika da na Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a kan sanarwar haɗin gwiwa cewa tsinuwar da ɓangarorin biyu suka yi wa juna a ƙarni na 16 ba ta shafi koyarwar da aka bayyana a cikin takardar ba. Methodist suka shiga yarjejeniyar a 2006.

Gaskiya ne wasu Kiristoci sun yarda Allah ya riga ya zaɓi 'yan wuta tun kafin a haife su?

Gaskiya ne. John Calvin, Bafaranshen da ya jagoranci Ikilisiyar Geneva, ya rubuta a babban littafinsa na tauhidi, wanda ya fara fitowa a 1536 ya kammala a 1559, cewa tun fil'azal Allah ya ƙaddara wa wasu rai madawwami, wasu kuma hallaka, ba don wani abu da ya hango a cikinsu ba. Ya jingina da Romawa sura ta 9, kuma shi kansa ya amince cewa hukunci ne mai ban tsoro. A wurinsa koyarwar ta'aziyya ce ga mai bi, tunda abin da Allah ya ƙulla babu mai kwance shi.

Jacobus Arminius, malamin jami'ar Leiden da ya rasu a 1609, ya ƙi wannan, yana cewa Almasihu ya mutu domin kowa, kuma mutum yana iya ƙin alherin da aka miƙa masa. Taron Dort na 1618 zuwa 1619 a ƙasar Holand ya yanke hukunci a kan mabiyansa, aka sauke limamansu da yawa daga aiki, masanin shari'a Hugo Grotius kuma, wanda yake ɓangarensu, aka ɗaure shi, har sai da ya tsere a cikin akwatin littattafai a 1621. A ƙarni na 18 gardamar ta raba abokai biyu a Ingila, John Wesley da ya bi fahimtar Arminius da George Whitefield da ya bi ta Calvin. Wannan tarihi yana da rassa a Nijeriya: majami'ar NKST ta ƙasar Tibi ta fito daga gidan Calvin, LCCN mai hedikwata a Numan ta fito daga gidan Luther ta hannun 'yan mishan na Denmark da suka iso a 1913, Methodist kuwa da yawancin majami'un Fentikos sun fi karkata ga fahimtar Wesley.

Me ya sa kullum ake ambaton Dante idan ana maganar wuta?

Saboda shi ne ya ba Turai hoton lahira da take ɗauke da shi har yau. Dante Alighieri mutumin Florence ne a Italiya, an haife shi a 1265, rikicin siyasa ya sa aka kore shi daga garinsu, ya rasu a Ravenna a 1321. Doguwar waƙarsa, *Divina Commedia*, labarin tafiyarsa ce cikin lahira, tana da babi 100: 34 na wuta, 33 na Purgatori, 33 na aljanna. Wutarsa rami ne mai da'ira tara da ke ƙara ƙuntata yayin da ake sauka, kuma kowace azaba siffar laifin ce: waɗanda sha'awa ta kwashe, guguwa ce take yawo da su ba tsayawa, 'yan duba an murɗe musu wuya suna kallon baya. A can ƙasa kuwa babu wuta sam, ƙanƙara ce, inda Shaiɗan yake maƙale yana tauna maciya amana uku, Yahuza Iskariyoti da ya ci amanar Yesu, da Brutus da Cassius da suka ci amanar shugaban Roma Julius Caesar. Ya kuma jefa Paparoma Nicholas na 3 cikin rami kai a ƙasa saboda cinikin muƙaman addini, yana jiran Boniface na 8, wanda yake kan karaga a shekarar 1300 da waƙar ta ce an yi tafiyar.

Wurin da ya fi nuna tunaninsa shi ne labarin uba da ɗa daga gidan Montefeltro. Uban, Guido, mayaƙi ne mai wayo da ya tuba ya shiga zuhudu, sai Paparoma Boniface ya nemi shawararsa ta yaudara, ya kuma gafarta masa zunubin tun kafin ya aikata. Da ya mutu, wani shaiɗani ya ƙwace ransa da hujjar cewa mutum ba zai yi nadamar abu yana kuma nufin aikata shi a lokaci guda ba. Ɗan kuwa, Buonconte, ya yi rayuwarsa ba ruwansa da tuba, aka yi masa rauni a yaƙin Campaldino na 1289, ya mutu shi kaɗai a bakin kogi da sunan Maryamu a bakinsa, sai ya tsira, shaiɗanin yana ƙorafin an ƙwace masa ganima saboda ɗan hawaye guda. Wanda yake riƙe da gafarar Paparoma ya hallaka, wanda ba shi da limami ko kabari ya tsira. Shekaru wajen 200 kafin Luther ke nan, kuma daga bakin cikakken ɗan Katolika.

A gefen wuta, cikin Limbo da aka yi bayani a sama, Dante ya ajiye mutanen kirki da ba su da baftisma, ciki har da Aristotle da Plato da Ibn Sina da Ibn Rushd da Salahuddin. Jagoransa ma, mawaƙi Virgil, can yake komawa, kuma wannan ne baƙin cikin da ya ratsa waƙar. Duk da haka ya shigar da mutum biyu da aka sani da bautar gumaka aljanna, sarki Trajan da wani Ripheus na Troy, alamar cewa zuciyarsa ba ta kwanta da ƙa'idar ba.

Akwai alaƙa tsakanin waƙar Dante da labarin Mi'iraji?

A 1919 wani limamin Katolika ɗan Sifaniya masanin Larabci, Miguel Asín Palacios, ya wallafa nazari mai cewa tsarin tafiyar Dante ya yi kama da ruwayoyin Isra'i da Mi'iraji da rubuce-rubucen Ibn Arabi. Daga baya aka gano cewa an fassara wani littafin Mi'iraji zuwa Latin da Faransanci a ƙarni na 13, ta hanyar fadar sarki Alfonso na 10 na Kastil. Wannan ya nuna labarin ya shiga Turai a zamaninsa, amma bai tabbatar da cewa Dante ya karanta shi ba, kuma yana da magabata Kiristoci masu yawa a wannan fanni. Ya kamata mai karatu Musulmi ya sani tun da wuri cewa babi na 28 na sashen wuta yana ɗauke da baitoci na cin mutunci ga Annabin Musulunci, irin ƙiyayyar da ta zama ruwan dare a Turai ta wancan zamani.

Me ya sa Faust ya hallaka a wani littafi, ya tsira a wani?

Labarin malamin da ya sayar wa Shaiɗan ransa ya fito a buge a Frankfurt a 1587, a matsayin gargaɗi irin na Furotesta. Christopher Marlowe ya mai da shi wasan kwaikwayo a Ingila 'yan shekaru bayan haka. Faustus ɗinsa malamin Wittenberg ne, garin Luther, wanda ya sa hannu da jininsa don samun shekara 24 na ilimi da iko. A farkon wasan ya buɗe Romawa 6:23, ya karanta rabin farko mai cewa hakkin zunubi mutuwa ne, ya rufe littafin bai kai ga rabin da ke maganar kyautar Allah ba. Ana ta kiransa zuwa tuba har sa'ar ƙarshe, yana so amma ya kasa. Masu nazari sun daɗe suna gardama ko taurin kansa ne ya kashe shi, ko kuwa Marlowe yana nuna mutumin da ba ya cikin zaɓaɓɓu, bisa koyarwar Calvin da aka bayyana a sama.

Goethe, wanda kashi na biyu na nasa *Faust* ya fito a 1832 bayan rasuwarsa, ya sa mala'iku sun ƙwace ran Faust daga hannun Mephistopheles, shaiɗanin da ya ƙulla cinikin da shi, bisa dalilin cewa bai taɓa daina fafutuka ba, da kuma roƙon Gretchen, yarinyar da ya jefa cikin bala'i. Faust ɗin Goethe bai tuba ba ta hanyar da kowace majami'a za ta gane, saboda haka cetonsa ya fi nuna yadda tunanin Turai ya sauya a cikin ƙarni biyu da rabi fiye da yadda yake nuna koyarwar Kirista.

Ina matsayin Milton da Bunyan?

Zamaninsu ɗaya, ƙasarsu ɗaya, amma sun bambanta. John Milton, masani ne da ya makance, ya fitar da *Paradise Lost* a 1667, labarin tawayen Shaiɗan da faɗuwar Adamu da Hawwa'u. Ya tsaya a ɓangaren 'yancin zaɓi: an halicci mutum da ƙarfin tsayawa, amma da 'yancin faɗuwa. Shaiɗan ɗinsa yana da fasahar magana har wasu mawaƙa na baya suka ɗauke shi gwarzo, sai dai Milton ya nuna shi yana ɗauke da wutarsa a cikin ransa duk inda ya je, yana tunanin tuba ya fasa saboda girman kai.

John Bunyan kuwa mai gyaran tukwanen ƙarfe ne da bai yi karatu mai zurfi ba, ya shafe shekara 12 a kurkukun Bedford saboda wa'azi ba da izini ba. Littafinsa *The Pilgrim's Progress* na 1678 labarin matafiyi ne da ya gudu daga Birnin Hallaka da kaya a bayansa, kayan da suka faɗi da ya iso gindin gicciye. Ƙarshen kashi na farko yana da ɗaci: wani mai suna Jahilci, wanda ya dogara da kyawun halinsa, ya iso har ƙofar birnin sama ba shi da takardar shaida, aka ɗaure shi aka jefa shi wuta daga nan. 'Yan mishan sun fassara littafin zuwa harsunan Afirka da dama, kuma masana adabin Yarabawa sukan nuna tasirinsa a labaran D. O. Fagunwa.

Wane tasiri tsoron hallaka ya yi a zukatan mutane?

Ya tayar da farkawa, ya kuma karya wasu. A ranar 8 ga Yuli, 1741, Jonathan Edwards ya yi wa'azi a Enfield ta Amurka inda ya siffanta mai zunubi da gizo-gizon da ake riƙe da shi a saman wuta, mutane suka yi ta kuka da kururuwa har ba a jin muryarsa. A Ingila mawaƙi William Cowper, wanda ya rubuta waƙoƙin sujada tare da John Newton, ya yi mafarki a 1773 da ya sa ya gaskata Allah ya yashe shi, ya kuma zauna da wannan imani har mutuwarsa a 1800. Ɗaya gefen haɗarin kuwa James Hogg na Scotland ne ya zana shi a ƙagaggen labarinsa na 1824, inda wani saurayi da aka tabbatar masa yana cikin zaɓaɓɓu ya ɗauka babu laifin da zai cutar da shi, har ya kashe ɗan'uwansa bisa zugar wani baƙo da ya zama Shaiɗan ne.

Me ake cewa game da waɗanda ba Kiristoci ba, ko kakannin da ba su taɓa jin Bishara ba?

Tsohuwar magana ita ce ta Kifriyanus, bishop na Kartaj da aka kashe a 258, cewa babu ceto a wajen Ikilisiya, kuma majalisar Florence ta faɗe ta da kakkausan harshe a 1442. Gano nahiyar Amurka, da miliyoyin mutanen da ba su taɓa jin sunan Yesu ba, ya tilasta sake tunani. A 1964 majalisar Vatican ta biyu ta bayyana cewa wanda bai san Bishara ba, ba da laifinsa ba, amma yana neman Allah da zuciya ɗaya yana bin lamirinsa, zai iya samun ceto, ta kuma ambaci Musulmi da suna a cikin masu shaida Mahalicci.

Masu bishara na Furotesta da yawa ba su yarda da wannan sassauci ba, suna riƙe da Ayyukan Manzanni 4:12. A Afirka tambayar ta ɗauki zafi saboda ta shafi kakanni. Byang Kato, malamin tauhidi na ECWA daga Kwoi a kudancin Kaduna, ya wallafa littafi a 1975, shekarar da ya rasu, inda ya soki John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Nijeriya, yana ganin yadda suke ɗaukaka addinan gargajiya zai kai ga cewa kowa zai tsira.

Shin dukan Kiristoci sun yarda azabar wuta ba ta da ƙarshe?

Mafi rinjaye sun yarda, amma ba duka ba. Origen na Iskandariya, a ƙarni na 3, ya yi fatan cewa wuta gyara ce, kuma a ƙarshe dukan halitta za ta komo ga Allah. An yi tir da koyarwar da aka jingina masa a 543 zamanin sarki Justinian, majalisar bishop-bishop ta 553 kuma ta sa sunansa cikin 'yan bidi'a, ko da yake Gregory na Nyssa, mai irin wannan fata, har yau waliyyi ne a Gabas da Yamma. Agustin ya ba da amsar da ta zauna: a Matiyu 25:46 siffa ɗaya aka yi wa rai da azaba, idan ɗaya ta ƙare, ɗayar ma za ta ƙare. Akwai ra'ayi na uku, cewa mugaye za su shuɗe ne gaba ɗaya, wanda majami'ar Adventist take koyarwa, kuma malamin Anglikan John Stott ya nuna karkata gare shi a 1988. Abin lura shi ne Ikilisiyar Katolika tana ayyana waliyyai da sunayensu, amma ba ta da wani tsari na ayyana cewa wane yana wuta.

Marubuta na baya sun mai da hankali ga wuta a matsayin abin da mutum yake zaɓar wa kansa. A littafin Dostoevsky na 1880 kan 'yan'uwan gidan Karamazov akwai tatsuniyar muguwar tsohuwa da alherinta guda a duniya shi ne albasa ɗaya da ta ba almajira. Mala'ika ya miƙa mata albasar yana jawo ta daga wuta, wasu suka kama ƙafarta don su fita tare, ta shure su tana cewa albasar tata ce, nan take albasar ta tsinke. C. S. Lewis ma a 1940 ya rubuta cewa daga ciki aka kulle ƙofofin wuta.

Har yanzu batun yana da rai a ƙagaggun labaran zamani?

Yana da shi, kuma misali mafi kusa da mu an gina shi ne a Afirka ta Yamma. Graham Greene, ɗan Katolika da ya yi aiki a Freetown ta Saliyo lokacin yaƙin duniya na biyu, ya fitar da *The Heart of the Matter* a 1948. Jarumin, Scobie, babban ɗan sanda ne na mulkin mallaka da tausayi ya jefa shi cikin zina da ƙarya, ya karɓi Jibin Ubangiji, wato gurasar tsarki da ake karɓa a sujada, yana sane yana cikin babban zunubi don kada matarsa ta gane, daga bisani ya kashe kansa yana ganin ya zaɓi hallaka domin ya hutar da waɗanda yake ƙauna. Limamin da ke cikin labarin ya ƙi yanke masa hukunci, yana cewa Ikilisiya ta san dokoki amma ba ta san abin da ke gudana a zuciyar mutum ba, matsayin da ya yi daidai da na Dante a labarin Buonconte. Ba kowa ne ya gamsu ba. George Orwell ya yi sharhin littafin a wannan shekarar, ya ce da Scobie ya gaskata da wuta da gaske, da bai yi kasadar shigarta don kawai ya kare ran mata biyu daga ɓaci ba, ya kuma zargi Greene da mai da hallaka wani abin alfahari da aka keɓe wa 'yan Katolika.